Idan ɗan sanda ya zalunce ka a Kumasi: yadda ake kai ƙara da yadda ake bin ta

Daga Aboabo zuwa Asawase, Sawaba da Zangon Tafo, da wuya ka sami gidan da ba a san wani da ɗan sanda ya mara a bakin titi ba, ko aka riƙe masa babur sai da ya miƙa wani abu, ko ya kwana uku a sel ba a kai shi gaban alƙali ba. Abin da ke biyo baya kuwa kusan ɗaya ne: a zauna a majalisa ana ta huci, dattijo ya ce a bar wa Allah, magana ta mutu. Bar wa Allah gaskiya ne. Amma dokar Ghana ta buɗe wa talaka ƙofofin neman haƙƙinsa, kuma yawancinmu ba mu taɓa ƙwanƙwasa ko ɗaya ba.

Mutanen Asawase ba su manta watan Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zango a yankin Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne. Da jama'a sun yi shiru da sunan nan ya bi su har kabari. Hayaniyar da aka yi ce ta sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ce bai ga hujjar da ta nuna 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane iyali diyyar sidi 250,000. Kuɗi ba ya dawo da rai, kuma mutane da yawa har yanzu suna ganin hukuncin bai kai inda ya kamata ba. Sai dai sunan yaran ya wanku, kuma a rubuce ya wanku. Ƙananan zalunci na kullum ba sa tara jama'a a titi, don haka takarda ce kaɗai makamin wanda aka cuta.

Abin da doka ta ba ka

Sashe na 23 na Dokar 'Yan Sanda ta 1970, wadda ake kira Doka ta 350, ya ce kowane mutum yana da ikon kai ƙara a rubuce, da sa hannunsa, a kan cin hanci, danniya, tsoratarwa, ƙin yin aiki ko kowane irin rashin ɗa'a na ɗan sanda. Babban jami'in da aka kai wa takardar wajibi ne ya sa a yi cikakken bincike ba son kai, sannan ya aiko wa mai ƙara da sakamakon. Ka riƙe wannan da kyau: a rubuce, da sa hannu. Duk kukan da ka yi da baki a caji ofis, idan ba a takarda yake ba, wanda ya saurare ka yana iya cewa bai taɓa ganinka ba.

Kundin tsarin mulki na 1992 ya faɗi abin da ɗan sanda ba ya da ikon ƙetarewa. Sashe na 14 ya ce duk wanda aka kama sai an gaya masa dalili nan take, da harshen da yake ji, an kuma gaya masa yana da damar ɗaukar lauya. Idan Hausa kaɗai tsohonka yake ji, da Hausa za a yi masa bayani. Cikin awa 48 a kai shi kotu ko a sake shi, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a Disambar 2019 cewa Asabar, Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi. Saboda haka dabarar kama mutum ranar Juma'a da yamma don ya kwana har Litinin ba ta da gindi a doka. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya. Sashe na 15 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, ya kuma ce ba a haɗa yaro da manya a tsare. Mace, mace ce take caje jikinta. Beli a caji ofis kyauta ne. Kama uwa ko ƙane don wanda ake nema ya gudu ba doka ba ce, haka nan kulle mutum saboda bashin da ke tsakaninsa da abokin cinikinsa.

Mataki na farko: lokacin da abin ke faruwa

Kada ka rama, kada ka riƙe rigar ɗan sanda, kada ka gudu. Na san yadda zuciya take tafasa idan aka mari mutum gaban matarsa ko yaransa, amma da zarar hannunka ya taɓa kaki, labari ya juya: kai ne za a gurfanar da laifin dukan jami'i, kuma ƙararka ta raunana tun kafin ka rubuta ta. Ka ce, "Ofisa, me na yi? Wane caji ofis za ku kai ni?" da murya yadda na kusa za su ji.

Aikinka a wannan lokacin shi ne ido. Sunan da ke ƙirjin rigarsa, igiya ko tauraron da ke nuna muƙaminsa, lambar mota (motocin 'yan sanda da GP suke farawa), su nawa ne, daga wane ofishi. Idan ba su sa kaki ba, kalar riga, tsayi, tabo a fuska, yaren da suke yi da juna, sunan da wani ya kira wani da shi. Wanda ke gefe shi ya fi dacewa ya ɗauki bidiyo, daga nesa, ba tare da ya tare musu hanya ba, kuma ya tura wa wani ta WhatsApp nan take kafin a ƙwace wayar a goge. A 2018 bidiyon da wani ya ɗauka ne ya sa aka kama ɗan sandan da ya lakaɗa wa wata mai goyo duka a wani gidan ajiyar kuɗi a Shiashie, can Accra. Ba don hoton ba, da maganarta ce da tasa.

Idan an kai ka caji ofis aka ce ka ba da bayani, kana iya cewa sai lauyanka ya zo. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka an fassara ba. Dokar Shaida ta 1975 ta ce amsa laifin da mutum ya yi yana tsare ba ya karɓuwa sai da shaida mai zaman kansa wanda ke jin harshensa kuma ya tabbatar ba tilasta shi aka yi ba.

Mataki na biyu: kwana biyun farko

A nan yawancin ƙararraki suke mutuwa, don ciwo yana warkewa, shaidu suna watsewa, ƙwaƙwalwa tana cakuɗa abubuwa.

Idan akwai rauni, asibiti kafin komai, ba kemis ba, ba mai ɗori ba. Asibitin gwamnati na Manhyia, na Tafo, ko Komfo Anokye idan abin ya yi tsanani. Ka gaya wa likita ƙarara cewa 'yan sanda ne suka buge ka, da me, a ina, ƙarfe nawa, ka roƙe shi ya rubuta haka a fayil. Akwai fom ɗin asibiti da 'yan sanda suke bayarwa ga wanda aka ji wa ciwo, likita ya cike ya sa hannu, kuma galibi ana biyan likita kuɗin cikewa. Matsalar ita ce a caji ofis ake karɓarsa. Idan ofishin da aka buge ka ne, je wani ofishin dabam ko hedikwatar shiyya ka nema. Idan an hana ka, rubuta ranar da sunan wanda ya hana, wannan ma ya shiga ƙara, sannan ka nemi rahoton likita kai tsaye daga asibitin. Katin asibiti, takardar magani, rasidi, hoton ƙashi, kada ko ɗaya ya ɓata.

Hoton raunin yana da yadda ake ɗaukarsa. A ɗauka da rana a wajen ɗaki, ɗaya da ke nuna fuskarka da raunin tare don kada a ce jikin wani ne, ɗaya kuma kusa-kusa, a ajiye kwabo ko ashana a gefen shatar don a ga girmanta. A sake ɗauka washegari da jibi, domin shatar kulki a baƙar fata sau da yawa sai ta kwana take fitowa sosai. Rigar da ta yage ko ta ɓaci da jini kada a wanke ta. A bar ta ta bushe a naɗe a ajiye.

Idan kuɗi aka karɓa ta momo, wato tura kuɗi ta waya, saƙon da ya shigo wayarka shaida ce mai ƙarfi, yana ɗauke da suna, lamba, lokaci da adadi. Ɗauki hotonsa ka tura wa wani amintacce. Idan hannu da hannu ne, wa ya gani, wa ya ranta maka kuɗin, ƙarfe nawa ka cire su a wajen mai momo.

Sai shaidu. Mai shayin bakin titi, mai waake, ɗan okada da ke tsaye. Nemi sunansu da lambar waya a ranar, ka tambaye su ko za su yarda su faɗi abin da suka gani. Wasu za su ƙi, kuma kada ka zarge su, a titin nan suke neman abinci gaban 'yan sandan nan. Mutum biyu da suka tsaya da ƙafarsu sun isa.

Kafin ka kwanta a daren, ka rubuta labarin duka da Hausa, ko ka ɗauki muryarka a waya, daga farko har ƙarshe.

Mataki na uku: rubuta takardar

Da Turanci ake rubuta ta, don shi ne harshen ofis. Idan ba ka iya ba, ɗanka ɗan sakandare, malamin makaranta, asambuliman na unguwa ko masu buga takardu na bakin kotu a Adum za su iya. Wanda ya rubuta maka ya karanta maka ita da Hausa layi-layi, ya rubuta a ƙasa cewa ya karanta ya fassara maka kuma ka gane, ya sa sunansa, sannan ka sa hannu ko ka dangwala.

Shafi ɗaya ko biyu sun wadatar. Sunanka, adireshi, lambar waya. Rana, lokaci da wurin da abin ya faru. Su wa suka yi. Abin da ya faru bi da bi. Asarar da ka yi. Shaidu da takardun da ka haɗa. A ƙarshe abin da kake nema: a bincika, a hukunta, a dawo da babur ko kuɗi, a biya kuɗin magani, a aiko maka da sakamako a rubuce kamar yadda sashe na 23 ya ce.

Bambancin takarda mai ƙarfi da marar ƙarfi yana cikin irin jimlolin. "'Yan sandan nan azzalumai ne, kullum haka suke yi wa 'yan Zango" ba ta ba mai bincike abin kamawa. Amma "Ranar Talata da misalin ƙarfe tara na dare, a shingen da ke kusa da gada, jami'i mai igiya biyu ya cire makullin babur ɗina, ya ce sai na ba da sidi 200, da na ce ba ni da su ya buge ni da gindin bindiga a kafaɗar hagu" ta nuna masa littafin aikin da zai buɗe ya ga wa ke bakin aiki a wannan shingen a wannan daren. Kada ka ƙara gishiri. Idan mari biyu ne, ka ce biyu. Idan kai ma ba ka da lasisi a ranar, ko ka yi zagi, faɗi da kanka. Rashin lasisi bai halatta duka ba, amma ƙarya guda da aka kama ka da ita tana rusa gaskiya goma, kuma kai ƙarar ƙarya ga hukuma laifi ne.

Yi kwafi aƙalla huɗu. Takardun asali na asibiti da rasidai su zauna a gida, kwafinsu za ka haɗa.

Mataki na huɗu: wace ƙofa

Ƙofa ta farko cikin gidan 'yan sanda take. Dokar 'Yan Sanda ta ce ƙarar cin hanci, danniya ko tsoratarwa a kai ta ga babban jami'in da ke riƙe da gunduma ko sashen da ɗan sandan yake, ko ga Sufeto Janar. Ƙarar sakaci da sauran rashin ɗa'a kowane babban jami'i yana iya karɓa. Akwai kuma sashen da aka ware don binciken 'yan sanda, PPSB, wanda tsofaffi suka fi sani da tsohon sunansa PIPS. Shawarata: kada ka tsaya a kan kantar ofishin da abin ya faru, inda abokan aikin mutumin ne za su karɓi takardar. Rubuta ta ga shugaban PPSB, ka ba kwamandan yankin Ashanti kwafi a hedikwatarsu ta Adum, ka aika wa Sufeto Janar kwafi a Accra. Takardar da manya uku suka san da ita tana da wuyar ɓata.

Duk inda ka miƙa, ka miƙa biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a dawo maka da ita. Sakatare zai iya cewa, "Bar ta kawai, za mu kira ka." Ka ce masa cikin ladabi, "Yallaɓai, a taimaka a buga mini a tawa." Kada ka bar wurin ba hatimin nan, don shi ne shaidar cewa ƙararka ta wanzu. Tambayi sunan wanda ya karɓa da lambar fayil. Kuma kada ka je kai kaɗai.

Ƙofa ta biyu ita ce CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1993 da Doka ta 456. Ba ƙarƙashin 'yan sanda take ba, kyauta take aiki, tana da ofis a Kumasi da gundumomi, kuma tana karɓar ƙara da baki, ma'aikacinsu ya rubuta maka. Tana da ikon kiran jami'i ya bayyana gabanta da takardunsa. Har wanda yake tsare yana iya rubuta mata wasiƙa, kuma doka ta ce mai kula da wurin ya aika ta ba tare da ya buɗe ba. Abu biyu za ka kiyaye: tana iya ƙin karɓar ƙarar da ta wuce wata goma sha biyu da saninka, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Idan sojoji ne suka yi maka, ba 'yan sanda ba, PPSB ba ta da hurumi, CHRAJ za ka nufa.

Ni ina ganin duk ƙarar da ta shafi duka, tsarewa ko harbi, a kai ta wuraren biyu a mako guda. PPSB 'yan sanda ne ke binciken 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto Janar, shi ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙi suka daɗe suna kiran a kafa hukuma mai zaman kanta. Wannan bai sa ta zama banza ba. Bayan da 'yan sanda suka tarwatsa zanga-zangar ɗaliban Islamic Senior High School da ƙarfi a Abrepo a Yunin 2022, an cire mataimakin kwamandan yanki daga muƙaminsa an dakatar da manyan jami'ai biyu. Amma sanin cewa wata hukuma a waje tana kallo yana sa fayil ya yi tafiya.

Ƙofa ta uku Babbar Kotu ce, ƙarƙashin sashe na 33 na kundin tsarin mulki. Ita ce ke iya tilasta a biya diyya, kuma ita ce ke iya ba da umarnin a fito da wanda aka tsare aka ƙi kai shi kotu. Wannan sai da lauya, kuma ƙa'idar kotu ta sa wa'adin wata shida ga irin wannan ƙara, don haka kada ka zauna jiran PPSB har lokaci ya ƙure. Wanda ba shi da hali ya je Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, Legal Aid, ofishinsu na Kumasi. Ka nemi shawarar lauya kafin ka zaɓi tsakanin kotu da CHRAJ, tunda shiga kotu yana tsayar da binciken CHRAJ a kan wannan maganar.

Mataki na biyar: yadda binciken yake tafiya

Za a kira ka ka ba da bayani. Ka karanta kwafin takardarka kafin ka tafi don bakinka ya zama ɗaya. Nemi tafinta idan kana buƙata. Za a kira ɗan sandan ya kare kansa, a ji shaidu, a duba littafin caji ofis inda ake rubuta wanda aka kawo da lokacin da aka sake shi, da littafin fitar da makamai idan an yi harbi. Wani lokaci a zaunar da ku gaba da gaba. Idan laifin babba ne ana iya dakatar da jami'in har a gama. Mai bincike ya rubuta rahoto, idan an ga yana da abin amsawa a yi masa zaman ladabtarwa bisa Ƙa'idojin Aikin 'Yan Sanda na 2012, inda hukunci ke kamawa daga gargaɗi zuwa rage muƙami ko kora. Idan abin da ya yi laifi ne na kotu, kamar rauni mai tsanani, fashi ko kisa, wannan shari'a ce dabam, kuma manyan laifuka sai fayil ya je ofishin Antoni Janar.

A CHRAJ sukan fara da aika wa wanda ake ƙara takardar ya amsa, su gwada sulhu idan maganar ta sulhu ce, idan ba haka ba su zauna su ji kowa su fitar da hukunci da shawarwari. Idan wata uku suka wuce ba a aiwatar ba, dokarsu ta ba su ikon kai maganar kotu.

A tsakanin nan ne baƙi za su fara sallama a ƙofar gida. Za a biyo ta wajen liman, ko sarkin unguwa, ko kawunka, a ce yaron yana da iyali, aikinsa zai tafi, a yi haƙuri. Ƙin jin maganar manya yana da nauyi a wurinmu, kuma yafiya haƙƙinka ce, ba mai hana ka. Abin da nake roƙo shi ne kada ka janye a zaure. Ka ce, "Baba, na ji, kuma na girmama zuwanku. Amma maganar tana hannun hukuma, mu je can a yi sulhun a rubuce." A can za a rubuta abin da aka dawo maka da shi da kuɗin maganin da aka biya, kuma sunan jami'in ya zauna a fayil ko da gobe ya sake yi wa wani. Kuɗin da aka kawo da dare a ambulan kada ka karɓa, ana iya juya shi a ce kai ne ka nemi a saye ka. Idan kuma barazana ce ta zo maimakon roƙo, rubuta ranar, lambar da ta kira da abin da aka faɗa, ka kai ƙarin takarda washegari.

Game da Facebook da gidajen rediyo: suna da amfani idan an toshe ko'ina, amma ka faɗi abin da kake da hujjarsa kaɗai. Sashe na 208 na dokar laifuka, na yaɗa labarin ƙarya, an sha kama mutane da shi.

Idan aka yi shiru

Za a iya yin shiru, wata da watanni. Bayan mako biyu ka koma da kwafinka mai hatimi ka tambayi wa ke riƙe da fayil. Bayan wata guda ka rubuta takardar tuni, gajera, mai ɗauke da lambar fayil da ranar da ka kai ƙara, ita ma a buga mata hatimi. Samu ƙaramin littafi kana rubuta duk zuwa da wanda ka gani da abin da ya ce. Dokar Samun Bayanai ta 2019 ta ba ka damar neman a gaya maka inda maganarka ta tsaya, kuma jami'in bayanai yana da kwana 14 ya amsa. Shirun kansa abin kai ƙara ne a CHRAJ, don rashin adalci ne na gudanarwa. Ɗan majalisar mazaɓarka ma yana iya rubuta wasiƙa a kai.

Idan rai ya salwanta

Wannan ne mafi nauyi a gare mu Musulmi, don muna son a yi wa mamaci sutura da wuri, kuma zuciya ba ta son a taɓa gawa. Amma mutuwa a hannun 'yan sanda ko a sel, Dokar Binciken Mutuwa ta 1960 ta ɗora wa majistare alhakin bincikenta, kuma rahoton likitan da ya duba gawa shi ne ginshiƙin duk shari'ar da za ta biyo baya. Idan aka binne ba shi, an binne hujja. Iyali su zauna da malamai su yi shawara tun a ranar, su nemi a gaggauta binciken, su nemi wakilinsu ko likitan da suka amince da shi ya kasance a wurin, su karɓi kwafin rahoton. Masu wanka su lura da duk rauni, a rubuta inda yake da girmansa kafin a sa likkafani. Kada kowa ya sa hannu a takardar karɓar gawa sai an karanta masa abin da aka rubuta a matsayin sanadin mutuwa. A zaɓi mutum ɗaya cikin dangi ya riƙe dukan takardu kuma shi ne zai riƙa magana da hukuma, a nemi lauya a makon farko, kafin a gama zaman makoki.